Gidan Reza: Inda Sabon Shiga Ke Ɓarnar Kuɗinsa

Rezar nan mai baki biyu da mai tireda ke sayarwa, wadda ake yanke farce ko fiƙe fensir da ita, an ƙera ta ne tun asali domin a ɗaura ta a cikin wani gida na ƙarfe mai mariƙi, a aske gemu. Ba'amurke King C. Gillette ne ya yayata wannan tsari. A 1903 kamfaninsa ya sayar da gidan reza 51 da reza 168 kacal, amma da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo aka raba wa sojojin Amurka miliyoyi, daga nan abin ya bazu. Daga baya kamfanoni suka koma ga abin aski na roba mai baki da yawa: biyu a 1971, uku a 1998, biyar a 2006, kowane da kansa na musamman mai tsada da ba ya shiga na wani. Wannan tsadar, da kuma ƙurajen aski, su ne ke mayar da mutane ga tsohon gidan reza a yau.

Batun ƙurajen ya fi shafar mu baƙaƙen fata. Gashinmu a murɗe yake fitowa, don haka idan aka yanke shi ƙasa da saman fata sai ya lanƙwashe ya koma ciki, wurin ya kumbura. Abin aski mai baki da yawa yakan ja gashin da bakin farko, na bayansa su yanke shi can ƙasa. Reza guda ba ta yin haka sosai. Ganin wannan ne ma ya sa wani mai suna Tristan Walker ya kafa Bevel, mai yin kayan aski, a Amurka a 2013, musamman saboda maza masu murɗaɗɗen gashi. To sai dai mutum yakan ji wannan labari, ya shiga kasuwa ko intanet da ɗoki, ya kashe kuɗin da ya kamata ya ishe shi askin shekaru, bayan mako biyu kuma ya jefar da kayan a lungu yana cewa yaudara ce.

Babban kuskuren yana wajen zaɓen gidan. Sabon shiga yakan ce gemunsa mai kauri ne, saboda haka sai gida mai ci sosai. Gidajen reza sun bambanta ne a abu biyu: faɗin tazarar da ke tsakanin bakin reza da sandar kariya, da kuma yawan bakin da ke leƙowa waje. In tazarar ta yi yawa, gidan yana kwashe gashi da sauri, yana kuma kwasar fata da sauri in hannu ya karkace. Mühle R41 na Jamus, mai haƙora kamar na mashaci, ya yi suna a wannan fanni, kuma ba na mai koyo ba ne. Haka Merkur 37C mai karkataccen kai. Hannun da ya saba da abin aski na roba ya saba da dannawa, domin kan robar yana juyawa ya bi fuska da kansa. Gidan ƙarfe ba ya juyawa. Kai ne za ka nemo kusurwar, wajen digiri 30, ka bar nauyin ƙarfen ya yi aikin. Kafin hannu ya koyi wannan, gida mai sauƙin hali ake so, irin su Merkur 34C na garin Solingen, ko Edwin Jagger DE89 na Sheffield a Ingila, ko Mühle R89. Kaurin gemu da kaifin reza ake maganinsa, da jiƙa gashin sosai da ruwan ɗumi.

Akwai masu cewa a sayi gida mai lambobi da ake murɗawa a ƙara ko a rage tazara, wai jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ni ban yarda da wannan shawara ga mai koyo ba. Duk ranar da aski ya yi masa zafi sai ya murɗa lamba, alhali matsalar a hannunsa take, kuma ba zai taɓa ganewa ba tunda kullum yana sauya abin da yake gwadawa.

Ta fuskar farashi, ana faɗawa rami ta gefe biyu. Wani ya sayi gidan tsantsar baƙin ƙarfe marar tsatsa mai tsadar gaske tun bai san ko zai ɗore da wannan aski ba. Wani kuma ya ɗauki mafi arha a kasuwa, marar suna, wanda in an ɗaura reza sai ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya leƙowa. Wannan na biyun ya fi haɗari, kuma gane shi ba wuya: ka sa reza, ka ɗaure, ka duba kan ta sama a wurin haske. Bakunan biyu su fito daidai wa daida, rezar kuma kada ta yi motsi. Yawancin gidajen matsakaicin farashi da wani haɗin tutiya ake zuba su, a shafe su da ƙarfe mai ƙyalli. Suna aski lafiya lau, aibinsu dai in sun faɗi a kan siminti sukan karye a wajen da ake murɗa mariƙi. Na tagulla da na baƙin ƙarfe sun fi jure faɗuwa, iyakar fifikon ke nan a wurin mai koyo.

Wani abin da ake mantawa da shi kafin a biya kuɗi shi ne tambayar wace reza gidan ke ci. Reza mai baki biyu girmanta ɗaya ne a duniya, ko ta Masar ce ko ta Japan, za ta shiga kowane gida na irinta. Amma akwai gidajen da ke cin reza mai baki ɗaya ta musamman, wadda ba za ka samu a tireda ba, sai an yi odarta daga waje. Kada kuma a rikita gidan reza da askar nan mai naɗewa da masu shagon aski ke sa wa rabin reza. Waccan ba ta da kariya ko kaɗan, aikin gwanaye ce.

Rezar kanta ita ce mafi arha a cikin kayan, ita ce kuma ta fi tasiri a kan yadda askin zai kasance. A nan ne ake sayen kwalin guda 100 na iri ɗaya saboda wani ya yaba ta. Feather ta Japan ta shahara da kaifi, wasu ba sa iya aski da wata, wasu kuma tana yanka su kamar an aiko ta. Derby ta Turkiyya ba ta kai ta kaifi ba, mai gemu mai tauri kan ji tana jan gashi. Astra, da Shark da Lord na Iskandariyya, da Dorco ta Koriya ta Kudu, da Nacet mai hoton kada wadda muka sani tun muna yara, kowace da masu sonta da masu ƙin ta. Babu wanda zai iya faɗa maka wadda za ta dace da fuskarka tun daga nesa. Ka sayi ƙananan fakiti na iri uku ko huɗu, ka yi mako biyu da kowace ba tare da ka sauya gida ko sabulu ba, sannan ka sayi kwali. A kula da jabu, domin rezar da ta yi suna ita ake kwaikwayo. A kuma daina rowar reza: bayan aski uku zuwa biyar yawanci ta dakushe, kuma dakusasshiyar reza ta fi mai kaifi jawo ƙuraje, tunda sai an danna an maimaita.

Sai burushin haɗa kumfa. Masu talla sukan nuna cewa na gashin wata dabba mai kama da dage shi ne na manya, farashinsa ma na manya ne. Akwai kuma wanda ya fi arha da ake yi da gashin alade, kamar yawancin na kamfanin Omega na Italiya da Semogue na Fotugal. Musulmi na iya saya bai sani ba, don a kwalin da yaren waje ake rubutawa. Wanda yake son kauce wa wannan ya nemi burushin zaren roba. Na zamanin nan suna da laushi, suna bushewa da wuri, ba su da warin dabba, ba sa buƙatar a jiƙa su kafin aiki, ga arha. Ban ga dalilin da zai sa mai farawa ya wuce su ba.

Sabulu kuwa ana sayensa da hanci, a shinshina a ji ƙamshi a biya. Aikinsa santsi ne da tausasa gashi. Sabulun wanka yana bushewa a fuska kafin a kai ƙarshen kunci, kumfar gwangwani kuma iska ta fi yawa a cikinta. Arko na Turkiyya da Proraso na Italiya ba su da tsada kuma suna kumfa cikin sauƙi. Wanda ruwan unguwarsu na rijiya ne ko burtsatse mai nauyi, irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki, ya fi masa alheri ya fara da man aski na cikin bututu maimakon sabulu mai tauri. Ɗaya ya isa. Mai turare da yawa yakan sa fata raɗaɗi, sai a ɗora wa reza laifin.

Bayan aski ba a buƙatar jerin kwalabe. Dunƙulen alif, wanda ake tace ruwa da shi, yana tsayar da jinin ƙaramin yanka, kuma inda ya yi maka zafi nan ne ka danna da yawa. A shafa, a ɗauraye, a bi da mai marar turare. Lokacin hunturu ɗan man kaɗanya ya fi ruwan bayan aski mai sinadarin barasa, wanda ke ƙara busar da fata. Akwatin kyauta mai ɗauke da gida da burushi da kwano da mazauni yana da kyau a ido, amma sau da yawa ana cika shi ne da burushi mai zubar da gashi, kwanon kuma kowane ƙaramin kofi na gida zai maye gurbinsa.

Abu biyu da ba a saye su amma ana buƙata: gwangwani mai murfi da aka tsaga wa ƙaramar kafa, domin zuba tsofaffin reza nesa da hannun yara, da kuma ƙa'idar cewa reza ta mutum ɗaya ce. Ciwon hanta nau'in B da C suna bin jini, ko da ɗigon da ido ba ya gani, saboda haka in wa da ƙane suna gida ɗaya, kowa ya mallaki nasa gidan rezar. Mai tafiya ta jirgin sama kuma ya sa fakitin rezarsa a babbar jakar da za a auna, domin jami'an bincike ba sa barin ta wuce a jakar hannu.