Cutar Johne: Yadda garkuwar jikin tumaki ke gwagwarmaya da 'yar'uwar tarin fuka

A Dutsi da ƙasar Daura, tunkiya asusu ce ga mai gida da matar aure. Idan ta fara ramewa alhali tana cin abinci, akan ɗora laifin a kan tsutsar ciki ko yunwar rani. Sai dai akwai wata cutar hanji mai irin wannan alama, wadda maganin tsutsa ba ya taɓa ta.

Sunanta cutar Johne, ta samo shi daga Heinrich Johne, likitan dabbobi na Jamus, wanda shi da Langdon Frothingham suka bayyana ta a 1895. Ƙwayar da ke haddasa ta, wadda ake taƙaita sunanta da MAP, dangi ɗaya ce da ta tarin fuka.

Ɗan tunkiya kan kamu tun yana ƙarami, ta nono ko ruwa ko ciyawar da kashin dabba mai cutar ya ɓata. Ƙwayar tana kutsawa bangon ƙarshen ƙaramin hanji, inda sojojin garkuwa da ake kira makrofej ke haɗiye ta. Maimakon ta narke, sai ta hana su narkar da ita, ta mayar da cikinsu mazauni, tana hayayyafa sannu a hankali.

Makrofej kan nuna gutsattsarin furotin ɗin ƙwayar ga wasu sojojin, ƙwayoyin T. Idan suka gane su, sai su saki sinadarin intaferon-gama, wanda ke zaburar da makrofej su kashe abin da suka haɗiye. Tumakin da wannan martani ya yi ƙarfi a jikinsu kan danne cutar. A wasu kuwa martanin yana raunana, jiki ya koma samar da antibodi masu yawo a jini, waɗanda ba sa iya kai wa ga abokin gabar da ya ɓuya a cikin sojan kansa. Hanji ya yi kauri, ya kasa tsotse abinci, dabba ta rame, galibi bayan ta kai shekara biyu. Saɓanin shanu, tumaki ba kasafai suke zawo mai tsanani ba.

Wannan ne ke wahalar da gwaji. Na antibodi yakan makara, domin dabba na iya yaɗa ƙwayar kafin ya gano ta. Na intaferon-gama yakan gano kamuwa da wuri, amma MAP tana da furotin masu kama da na danginta, sai sakamako ya rikice. Shi ya sa masu bincike ke neman furotin ɗin da ita kaɗai ke da su.

Cutar ba ta da magani mai warkarwa. Ostireliya ta amince da rigakafin Gudair ga tumaki a 2002. Yana rage mace-mace da yaɗuwa, amma ba ya kawar da ita.

Dabbobi na ketare iyakar Nijar ta kasuwanni irin na Mai'adua, kuma rago mai ɗauke da ƙwayar ba ya nuna alama a hannun dillali. Najeriya na da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom tun 1924, ta kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024. Tambayar da ya kamata matasa su yi wa wakilansu ita ce: nawa aka ware domin mai kiwo a Dutsi ya iya aika jinin tunkiyarsa gwaji, ya kuma samu amsa kafin garke ya ƙare?