Faifan Crash na Japan da ƙuruciyarmu a Shara Mansur

Duk wanda ya tashi a Shara Mansur da ke Makka a farkon shekarun 2000 ya san "Kirash Sayyarat". Haka mu yaran unguwa muke kiran Crash Team Racing, wasan tseren motocin da kamfanin Naughty Dog na Amurka ya fitar wa PlayStation ta farko a 1999. Bayan sallar La'asar sai mu taru a ɗakin yayana, mu huɗu a gaban talabijin ɗaya, allon ya rabu gida huɗu, kowa na neman ya sakar wa ɗan'uwansa bam ko roka.

Ashe faifan da muke bugawa kwafi ne. Sai da na girma na san cewa faifan PlayStation na asali baƙi ne ta ƙasa. Namu kuwa sheƙi yake yi kamar madubi.

Bana na yi odar na asali daga Japan. A can sunansa Crash Bandicoot Racing, ya fito a Disamban 1999, kuma zanen bangonsa daban yake da na Turai da Amurka. Masu tara tsofaffin wasanni na bibiyar irinsa, musamman idan ya zo da 'yar siririyar takardar nan da Japanawa ke naɗawa a gefen kwali, wadda suke kira obi. Idan babu ita, darajar faifan kan sauka.

Sai dai akwai ɗawainiya. Faifan Japan ba ya tashi a na'urar Turai idan ba a taɓa ta ba, don haka sai da na sayi na'urar Japan. Ita kuma wutar volt 100 take sha, dole a haɗa ta da taransifoma, in ba haka ba ta ƙone.

Matata ta tambaye ni me ya hana in sayi sabon da aka sabunta a 2019, Nitro-Fueled, wanda ya fi kyan hoto. Ban iya ba ta amsa ba a lokacin.

Yayana ya daɗe da komawa Kano, sauran biyun kuma ban san inda rayuwa ta kai su ba. Ranar da faifan ya iso, na ɗauki hotonsa na tura masa ta WhatsApp. Ya maido da saƙon murya yana dariya: "Ƙanena, ko na Japan ka sayo, ni zan cinye ka. Ajiye min hannu ɗaya, in Allah ya kawo ni Umara."

Na ajiye masa.