Ido Ya Riga Hannu: Yadda Yaro Ke Koyon Haƙuri da Aibin Zanensa

Zane, wato fitar da siffar abu a kan takarda ko allo ko ƙasa ta hanyar layi da launi, yana daga cikin ayyukan farko da yaro yake yi da hannunsa ya kuma ce nasa ne, saboda haka a nan ne yakan fara ɗanɗana ɗacin gazawa. Iyaye da malaman firamare a garuruwa irin su Illela, wadda take bakin iyakar Jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar daura da Birnin Ƙonni, sun saba ganin yaron da a da yake cika bango da gawayi babu fargaba ya wayi gari yana yaga takardarsa, ko ya yi ta gogar wuri ɗaya har takardar ta huje, ko ya rufe littafinsa da tafin hannu yana cewa bai iya ba. Manya sukan ɗauki wannan hali a matsayin rigima ko ƙiwa, alhali kuwa mataki ne sananne na girma, wanda yake da sababi kuma yake da magani.

Masanin nan ɗan ƙasar Faransa, Georges-Henri Luquet, ya bayyana a shekarar 1927 cewa ƙaramin yaro yana zana abin da ya sani ne, ko da idonsa bai nuna masa haka ba, shi ya sa ɗan shekara shida zai zana babbar motar da ta ɗauko albasa daga Galmi ya jera duk tayoyinta a gefe guda, ya fitar da ƙafafun direba ta cikin ƙofar ƙarfe, kuma ransa ya yi fari da aikinsa. Viktor Lowenfeld, wanda ya koyar a Amurka, ya ƙara a littafinsa na 1947 cewa daga wajen shekara tara yaro yakan shiga matakin son kamanni, wato burin zanensa ya yi daidai da abin da yake gani a zahiri. A wannan lokaci ne yaron da ya tsaya a kasuwar Illela ranar Lahadi ya ƙare wa raƙumi kallo zai lura da lanƙwasar wuyansa da tudun tozonsa da yadda gwiwoyinsa suke naɗewa idan ya gurfana, ya koma gida ya ɗauki fensir, sai abin da ya fito ya fi kama da jaki mai dogon wuya. Idonsa ya riga hannunsa girma, kuma ɓacin ran da yake ji shaida ce ta cewa ya fara gani da kyau. Idan dariyar tsara ta haɗu da wannan ɓacin rai, ga kuma hotunan waya da babu karkata a cikinsu, yara da yawa sukan ajiye zane daga nan har tsufa.

Makarantar allo ta daɗe da hanyar da take rage wa kuskure nauyi. Yaron da yake koyon babbaƙu da farfaru, wato baƙaƙen Larabci da wasullansu, yana rubutu da alƙalamin kara da tawadar gawayi da ƙaro a kan allon da za a wanke, a shanya, a sake rubutawa, don haka harafin da ya karkace yau ba ya bin sa zuwa gobe, kuma yana ganin gardi ma, duk da gwanintarsa, yakan shafe harafi ya gyara. Zayyana, wato adon launuka da ake yi wa allo don bikin sauka, tana zuwa ne a ƙarshen shekarun da aka yi ana wankewa ana sakewa. A makarantun boko na Ƙonni da sauran garuruwan Nijar ma yara suna aiki da ƙaramin allon alli wanda tsumma yake share shi nan take. Littafin takarda da biro kuwa suna adana kuskure, musamman idan malamin darasin al'adu da fasaha ya bi zanen da jan biro ya ba shi maki uku cikin goma, domin yaro yakan karanta wannan lamba a matsayin hukunci a kan kansa.

Sana'o'in hannu suna koyar da darasi makamancin wannan. Baduku ba ya miƙa wa sabon yaronsa lafiyayyar fatar jar akuyar Sakkwato, sai dai ya ba shi guntayen da suka rage ya yi ta huda da ɗinki, saboda an riga an san cewa ɓarna tana cikin kuɗin koyo. Gyartai, wato mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya, yana mayar da ita bakin aiki da tabon ɗinkinta a fili, kuma matar da take tallan fura da nono ba ta jin kunyar ɗaukarta. Mutanen Japan ma suna da irin wannan sana'a da suke kira kintsugi, inda ake liƙe fasasshen kwano a bi tsagin da garin zinariya. Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, ta koyi ginin tukwane da hannu tun tana yarinya kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu, a shekarar 1954, kuma duk maginin tukwane ya san cewa ba kowace tukunya ce take fita daga wuta lafiya ba.

Abin da babba ya faɗa a lokacin da yaro ya nuna masa zane yana da tasiri mai tsawo, kuma kuskuren manya iri biyu ne. Na farko shi ne ba'a, kamar a tambayi yaro cikin dariya ko wannan raƙumi ne ko ƙadangare, na biyu kuma shi ne yabon da ba gaskiya ba, wanda ɗan shekara goma yake gane shi nan da nan, ya daina yarda da mai yin sa. Binciken da Claudia Mueller da Carol Dweck suka wallafa a 1998 ya nuna cewa yaran da aka yaba wa basirarsu sun fi saurin karaya bayan sun gamu da aiki mai wuya, idan aka kwatanta su da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Abin da ya fi amfani shi ne uwa ko malami ya nuna wurin da ya yi kyau da sunansa, kamar tozon da ya zauna daidai, sannan ya tambayi yaron wane wuri ne shi kansa bai gamsu da shi ba, su zaɓi abu guda da za a gyara a zane na gaba.

Haƙuri da aibi ya sha bamban da sakaci, domin mai sakaci ba ya ganin aibin, mai haƙuri kuwa yana ganinsa sarai, ya kammala aikin, ya ɗauki darasin zuwa na gaba. Hausawa suna cewa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma yaron da ya taso yana jin cewa kamala ta Allah ce yana da tushen da zai fahimci wannan tun da wuri. Ya kamata iyaye su bar yara su yi zane a kan rairayi, su gina shanun laka, su haɗa motocin kara, inda rushewa da sakewa ba sa cin ko kwabo, malamai kuma su fifita fensir a kan biro a darasin zane. Ya kamata kuma a riƙa rubuta kwanan wata a bayan kowane zane a adana shi, har da wanda yaron ya so yagawa, domin idan aka jera masa raƙumin bara kusa da na bana, shi da kansa zai ga tafiyar da hannunsa ya yi.