Naraguta: Ƙauyen da ya riga Jos zama gari

Matafiyin da ya bar Jos ya kama hanyar Bauchi, ba zai yi nisa ba zai iske Naraguta a gefen hanya, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. A yau mutane da dama na kallonta a matsayin unguwar bayan gari, alhali kuwa daga nan tarihin birnin ya soma.

Ƙauyen na zaune ne a arewacin tsaunukan Filato, inda tudun ƙasa ya kai kusan mita 1,200 sama da teku, abin da ya sa sanyin wurin ya bambanta da na sauran Arewa. Duwatsun Shere na daga gabas, kogin Dilimi kuma na ratsa yankin ya nufi arewa, ruwansa ya bi ta Jama'are har ya kai yankin Tafkin Chadi. Sunan ƙauyen na da alaƙa da Anaguta, ƙabilar da ta daɗe tana noma a waɗannan tuddai tare da maƙwabtanta Afizere da Birom.

Yashin Dilimi ne ya sauya makomar wurin, domin cike yake da kuza. Tun kafin zuwan Turawa, masu narkar da ƙarfe na Liruwen Dalma sun san darajar wannan ma'adini. A 1904 injiniyan kamfanin Neja, H. W. Laws, ya kafa sansanin haƙa a Naraguta. Leburori da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga Kano da Zariya da Bauchi, har Turawan mulkin mallaka suka mai da ƙauyen hedikwatar gunduma mai suna Naraguta.

Sai dai wannan ɗaukaka ba ta daɗe ba. Da ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos a 1914, ciniki da ofisoshi suka karkata kudu. Jos ta bunƙasa, gundumar ta koma amsa sunanta, kuma a 1926 ta zama hedikwatar Lardin Filato.

Abin da ya riƙe sunan Naraguta bayan nan shi ne dukanci. Jakunkuna da takalma da matasan fata na ƙauyen sun yi suna a wurin baƙi masu ziyartar Jos. Daga baya Jami'ar Jos, wadda ta samu 'yancin kanta a 1975, ta kafa mazauninta na dindindin a yankin.

Yanzu gidajen haya na ɗalibai da shaguna na cinye gonaki, dattawan da suka ji labarin zamanin kuza daga bakin iyayensu kuma na ta raguwa. Matuƙar gwamnatin jiha da masana tarihi na jami'ar ba su tattara wannan labari ba, yaran da ke tasowa za su san Naraguta a matsayin tashar sauka kawai.