Wa Ke Da Riƙon Yaro Bayan Saki?

A ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum, al'ada ta daɗe tana bai wa uba ɗansa da zarar an yaye shi, uwa ta koma gidansu hannu rabbana. Amma fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Jihar Zamfara ke hukunci da shi, ya saɓa wa wannan. Littafin Risala ya bar wa uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. In uwar ta sake aure, riƙo ya koma hannun mahaifiyarta. Ci da sutura suna wuyan uba. Saboda haka matar da aka ƙwace wa ɗa tana da ikon kai ƙara gaban alƙali.