Ko ka sani? Sauro na ɗanɗana jini kafin ya sha

Macen sauro ce kaɗai ke cizo, domin da jini take gina ƙwanta. Namijin ruwan fure ya ishe shi. Amma ita ma tana shan ruwan fure, kuma ba wuri ɗaya take ajiye su ba: ruwan fure na tafiya wata 'yar jaka ta ajiya, jini kuwa kai tsaye cikinta yake wucewa. To ta yaya take gane wanne ne a bakinta, alhali tsinken bakin nata ya nutse cikin fata, ido ba ya ganin komai?

Amsar tana tattare da wani sinadari mai suna ATP, ɗaya daga cikin dangin sinadaran fiyurin. Kowace ƙwayar halitta a jikinka da shi take biyan kuɗin aikinta, daga motsin tsoka har tunanin ƙwaƙwalwa, kuma jajayen ƙwayoyin jini cike suke da shi. Tun a 1959 masana suka lura cewa sinadaran wannan dangi na sa sauro ya zuƙi ruwa kamar ya samu jini. Idan aka ɗumama ruwan gishiri aka zuba masa ATP, saurayen Aedes aegypti, masu yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, za su sha har ciki ya kumbura, ba ko ɗigon jini a ciki. A 2020 masu bincike a Jami'ar Rockefeller da ke birnin New York suka nuna cewa a ƙarshen tsinken bakin macen akwai jijiyoyin ɗanɗano, wasunsu ATP ne ke tayar da su. Ƙudan tsando ma haka yake da wannan sinadari.

Inda zancen ya fi daɗi shi ne a namu jikin. Muddin ATP na cikin ƙwayar halitta, makamashi ne. Da zarar ƙwayar ta fashe ya zubo waje, ya zama saƙo. A bangon ƙwayoyinmu akwai makarɓan saƙo, wato wasu furotin da ke jiran sinadaran nan su manne musu, sai ƙwayar ta canja aiki nan take. Iri bakwai, waɗanda ake kira P2X, ƙofofi ne da ke buɗewa cikin ƙiftawar ido su shigar da sodiyam da kalsiyam. Wasu daga cikinsu na kan jijiyoyin da ke kai labarin zafi. Iri takwas kuma, P2Y, ba sa buɗewa, aika saƙon suke yi zuwa cikin ƙwayar. Akwai kuma huɗu na adinosin, abin da ke saura idan ATP ya gama narkewa. Mai cin goro ya san aikin waɗannan ko bai san sunansu ba: adinosin ne ke kawo gyangyaɗi, kafeyin ɗin goro kuma ya tare masa wurin zama.

Yanzu dubi abin da ke faruwa idan sauro ya huda jijiyar jini. Ƙwayoyin da suka fashe za su saki ADP, ƙanen ATP. Wannan kamar ihun “ɓarawo!” ne cikin dare a unguwa. 'Yan ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni, filatilet, suna jin sa ta makarɓansu P2Y1 da P2Y12, sai su yi danƙo su manne da juna, kowace kuma ta saki nata ADP ta kira wasu. Cikin daƙiƙoƙi raunin ya toshe. Da a ce haka abin ke ƙarewa, da sauro ya kwana da yunwa.

Sai dai kafin ya zuƙa, yawu yake tofawa. A cikin yawun akwai enzayim mai suna afires, wanda ke sare ATP da ADP ya mayar da su AMP, sinadarin da ba ya kiran filatilet. Jini sai ya ci gaba da gudana. Kaska da kuɗin cizo duk suna da irin wannan enzayim, alhali ba daga kaka ɗaya suka gaji shan jini ba. Kowa da kansa ya isa ga dabara guda. A ganina wannan ya fi kowace hujja nuna muhimmancin saƙon. Kuma ta wannan yawun ne ƙwayar maleriya ke shiga jikin mutum daga sauron Anopheles, shi ne kuma sanadin kumburi da ƙaiƙayin da ke biyo baya.

Da Geoffrey Burnstock, Baturen Ingila da ke aiki a Melbon ta Ostireliya, ya ce a 1972 jijiyoyi na aika saƙo da ATP, yawancin masana ba su yarda ba, sai da aka gano makarɓan kansu a farkon shekarun 1990. Yau ga maganin clopidogrel, wanda ake ba masu ciwon zuciya da waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki: aikinsa toshe P2Y12 don kada jini ya daskare a jijiya. Shi ya sa mai shan sa, idan ya yanke, jininsa kan jima bai tsaya ba. In kana shan sa, ka gaya wa likita kafin a cire maka haƙori ko a yi maka tiyata.