Kamun da ciwon ciki: abubuwa 10 masu ban mamaki

A Matamaye, in ciki ya murɗa bayan an cika shi da wake ko ɗanwake, hannu yakan fara kaiwa ne ga jar kanwa, citta, kanumfari ko kimba. To, akwai wani baƙo da ake ta ambato yanzu, wanda masu sayar da maganin Musulunci ke jerawa kusa da hulba da shammar. Shi ne kamun. Ga kaɗan daga cikin labarinsa.

1. Dangin karas ne. Tsiron kamun bai cika wuce rabin mita ba, kuma cikin wata huɗu yake isa girbi. Masana tsirrai sun sa shi gida ɗaya da karas da shammar. Abin da muke ɗauka iri ne, a wurinsu busasshen ɗan itace ne, irin yana ɓoye a ciki.

2. Ba shi ne habbatus sauda ba. Mutane da yawa kan haɗa su, alhali ko dangi ba su haɗa ba. Zuba su a tafin hannu ka gani. Kamun dogo ne siriri, ruwan ƙasa, da zane-zane a jikinsa, kamar ramammiyar ƙwayar shinkafa. Habbatus sauda kuwa baƙa ce wuluk, gajera, mai kusurwa. Ita ce aka yabi amfaninta a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, ba kamun ba.

3. Ya daɗe a hannun masu magani. Sunansa ya fito a wata tsohuwar takardar magunguna ta Misira da ake kira Ebers, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ita ma habbatus sauda an same ta cikin kayan kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a 1922.

4. Ɗalibai sun yi ha'inci da shi. Marubucin Rumawa Pliny ya ba da labarin almajiran wani malamin iya magana mai suna Porcius Latro. Yawan karatu ya sa fuskar malamin ta koɗe, sai su kuma suka riƙa shan kamun don tasu ta koɗe, a ce su ma ba sa barci saboda nazari.

5. Indiya ce uwar ɗakinsa. Kusan kashi 70 cikin 100 na kamun ɗin duniya daga Indiya yake fitowa, galibi daga jihohin Gujarat da Rajastan. Babbar kasuwarsa tana wani gari da ake kira Unja. Yawancin abin da Indiyawa suka noma su ke cinye kayansu, a miya da shinkafa, sannan su dafa shi a ruwa su sha don ciki. A Maroko kuma, tare da gishiri ake ajiye garinsa a gaban mai cin gasasshen nama, kuma wanda cikinsa ya ɓaci akan ba shi cokali guda ya kora da ruwa.

6. Sirrin yana cikin mansa. Ƙamshin nan mai ƙarfi daga wani ɗan mai yake fitowa, wanda bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na nauyin ƙwayar ba. Ana ganin shi ke taimaka wa narkewar abinci, ya sassauta hanji iska ta samu hanya. Shi ya sa tsohon gari da ya sha iska ba ya da wani kataɓus. Masu amfani da kamun sukan ɗan soya cokalin shayi ɗaya na ƙwayarsa a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, su ɗan daddaka a turmi, su zuba a kofin tafasasshen ruwa, su rufe na minti 10, su tace su sha da ɗumi. Rufewar ce ke hana man bin tururi.

7. Likitoci sun gwada, amma da sauran aiki. A 2013 wasu likitoci a Iran sun ba mutum 57 masu fama da yawan murɗawa da kumburin ciki ɗigo 20 na man kamun kullum, har mako huɗu. Ciwon da kumburin sun ragu. Sai dai ba a ware wasu marasa lafiyar da ba a ba su ba don a kwatanta, saboda haka masana suna kallon sakamakon a matsayin alama ce mai kyau, ba hujja yankakkiya ba.

8. Har jabunsa ake yi. A watan Nuwamba na 2019 ƴan sandan Delhi suka bankaɗo wata masana'anta da ke haɗa kamun na ƙarya da irin ciyawa da garin dutse da ruwan mazarƙwaila. A Amurka kuma, tsakanin 2014 da 2015, an janye kayan abinci masu yawa daga shaguna saboda an sami gyaɗa a garin kamun. Mu da muka tashi a ƙasar gyaɗa za mu ce mene ne abin tashin hankali, amma akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta, ɗan kaɗan ya isa ya toshe musu numfashi. Dabara ita ce ka sayi ƙwaya, ka murza a hannu ka shinshina, ka daka da kanka.

9. Kanwa ma tana da nata. Gaskiya ne tana kashe ƙwarnafi nan take, domin tana karya tsamin ciki. Amma cike take da sinadarin da ke cikin gishiri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mai hawan jini da mai jego su yi hattara.

10. Akwai ciwon da ya fi ƙarfin kofi. Likitocin tiyata na Babban Asibitin Damagaram sun sha rubutu kan yaran da zazzaɓin taifod ya huda wa hanji, kuma jinkirin zuwa asibiti na cikin abin da ke sa a rasa su. In ciwon ciki ya zo da zazzaɓi na kwanaki, ko ciki ya ƙame ba ya taɓuwa, ko ga amai ba tsayawa, ko jini a bayan gida, ko ciwon ya tare a ƙasan cibiya ta dama, ko mai juna biyu ce, to ba zancen jiƙo ba ne. Zawo kuma maganinsa na farko ruwan gishiri da sukari ne: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kada a ɗura masa komai.

Saboda haka, mai karatu, ka ajiye kamun a gida don kumburi da ƴar murɗawar bayan cin abinci. Amma in ciwo ya kwana ya wuni bai sauka ba, a ajiye kofi a nufi asibiti.